Jami'in da Malam Sabi'u Ya Jira Sau Uku

Zuwa ga Shugaban ofishin koya wa tsofaffin sojoji sana'a,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina neman afuwa da na fito da maganata bainar jama'a. Sau biyu na rubuto maka ta hanyar da aka saba, ban ji komai ba.

Ni tsohon kofur ne, mutumin Durun ta ƙaramar hukumar Kabo. Shekara ashirin da biyu na yi da kaki a jikina. Da za a sallame mu, an ce kowa yana da haƙƙin koyon sana'a: ya nemi gwani ya zauna a ƙarƙashinsa, ofishinku ya turo jami'i ya ga wurin, in an gama a bar shi ya zauna jarrabawa ya karɓi takarda. Sharaɗin shi ne a kammala cikin shekara biyu. Na zaɓi wayarin, wato ja wa gidaje wayar wuta, don ko a daji ni nake lallaɓa janareta in ya ƙi tashi. Kuma gaskiyar magana, ina tsoron bencin gadi. Na ga waɗanda suka girme ni a aiki zaune a ƙofar gidajen masu kuɗi a Kano, suna buɗe get suna sara wa sa'o'in jikokinsu. Na roƙi Allah kada ya kai ni can.

Ga abin da ya faru.

1. Na samu Malam Sabi'u a Gwarzo, dattijon da ya haura shekara talatin yana ja wa mutane wayar wuta. Da farko ya ƙi karɓata, wai da wane ido zai aiki mai furfura ya ɗauko tsani. Na ce masa a soja sa'an ɗana ma ya ba ni umarni na bi. Ya yi dariya ya ce in zo gobe. Wata ashirin ina tasowa daga Durun a babur, ina fasa bango, ina zura waya, ina shan faɗa kamar ɗan firamare. In na yi haɗi sakaka sai ya sa in kwance shi gaba ɗaya, ya ce mutane ne za su kwana a gidan da 'ya'yansu.

2. Fom ɗinku yana da gurbin da mai koyarwa zai sa hannu, amma dole a gaban jami'inku. Sau uku aka sa mana rana. Ranar farko Malam ya share shago da kansa, ya sa babbar riga, ya sayo lemo, muka zauna har la'asar. Aka ce mota ta lalace. Ta biyu ya ɗage aikin wani masallaci saboda ku, aka ce jami'in yana wurin taro. Ta uku ta same shi a kwance, ciwo ya ci ƙarfinsa, ƙafafunsa sun kumbura. Na roƙe shi ya bari, ya ce ba zai zama sanadin da zan rasa takardata ba. Ni na goyo shi a babur zuwa shago, na jingina shi da bango. Tun hantsi yake kallon hanyar Kano har aka kira azahar. Ba wanda ya zo, ba wanda ya bugo waya. A wannan karon ko dalili ba a ba mu ba.

3. Da ya ga jikin ba na tashi ba ne, sai ya yaye ni yadda masu sana'a suke yi. Ya kira abokan aikinsa huɗu da limamin unguwarsu, ya miƙa mini testarsa da tsohuwar filayarsa mai naɗe da baƙin tef, ya ce su shaida ya yarda in shiga gidan kowa in yi aiki da sunansa. Biro bai riƙu a hannunsa ba, sai ya dangwala yatsa a fom ɗin. Bayan kwana tara Allah ya karɓi abinsa. Na binne abokai da yawa a bakin aiki, amma ban taɓa kuka irin na ranar ba.

4. Na kai fom ɗin ofishinku, aka ce dangwalen da ba a yi a gaban jami'i ba, ba ya aiki. Na faɗa wa ma'aikacin cewa Malam ya rasu, a gabana ya rubuta a bayan fayil. Makon jiya sai ga takarda daga wurinku: in zo da mai koyar da ni, shi da kansa, kafin ƙarshen wata mai kamawa, in ba haka ba a cire sunana domin wa'adina ya cika.

Ranka ya daɗe, na karanta takardar nan har na haddace ta. Ina iya gyara soket da fanka a ƙauye in samu na cefane, amma masu kwangilar sa sola a makarantu da ƙananan asibitoci ba sa ɗaukar mutum sai da takarda. Ƙanena ya riga ya samo mini gadi a wani gida a Kano. Kullum sai ya kira, kullum ina ce masa ya ƙara mini haƙuri. Yarana biyar, kuma haƙurin nan yana da iyaka.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A karɓi shaidar mutum biyar ɗin da suka ga yayena, duk suna raye, sun ce a kira su ko yau. In hakan bai yiwu ba, a ba ni ɗaki wanda ba a taɓa ja wa wuta ba, a ba ni waya da rana ɗaya, a turo duk gwanin da kuka yarda da shi ya duba. In ya samu haɗi ɗaya da Malam zai ce in kwance, ku cire sunana, ba zan sake damun kowa ba. Sannan don Allah a daina sa wa dattawa ranar da ba za a zo ba.

Allah ya taya ka riƙon wannan amana, ya sa ka gama lafiya, ya ba ka wanda zai tsaya maka ranar da ka tuɓe naka kakin.

In kuwa doka ta ce lallai sai jami'inku ya ga Malam Sabi'u, to ya zo Gwarzo, zan ɗauke shi a babur ɗina in nuna masa inda yake. Ya zo duk ranar da ya ga dama. Yanzu Malam ba ya gajiya da jira.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Kofur Haladu mai ritaya,
Durun, Kabo.