Kofi na Huɗu a Mashayar Blanka

Lhotka, 9 ga Oktoba

Ruzena tsohuwata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata gwiwar nan taki ta lafa, hawan benen Brno bai ƙarasa ta ba. Yaya ɗiyarmu Jitka da jaririn? Ki ce kakansa na gaishe shi. Ni lafiya lau, gidan ne dai ya yi mini girma tun da kika tafi.

Abin da ake ta raɗe-raɗi ya tabbata, an rufe kamfanin giyar garinmu ranar Juma'a. Shekara arba'in da ɗaya babu tukunyar da ta fita ƙofar nan ban ɗanɗana ba. Jiya na bi ta wajen, ba hayaƙi, ba kowa, sai tattabaru.

Yanzu Blanka mai mashaya ba ta da giyar da za ta sa wa famfonta. Ta aika an kawo mata kala-kala: ta Beljiyam, ta Jamus, baƙar nan ta Ailan, da na samarin nan masu gemu da ke dafa tasu a tsohon garken shanu suna raɗa mata sunaye kamar na karnuka. Ranar Lahadi bayan abincin rana 'yan teburinmu za su zaɓa. Kin san dokar gidan tun zamanin mahaifinta: kowa ya kurɓa ya faɗi nasa, amma tawa ce ta ƙarshe, kuma wadda na ce ta lalace ba a ƙara zuba wa kowa, kwata ake kai ta.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ruzena, harshena ya mutu. Tun zazzaɓin hunturun bara. Hancin ma ya bi shi. Giya, shayi, ruwan famfo, duk uwarsu ɗaya a bakina. Miyar kifinki ta Kirsimeti da na yaba har na ƙara, ban ji komai ba, ki yafe ni. Da ido nake ta lallaɓawa: launi, tsayuwar kumfa, zoben da take bari a jikin gilashi. Abin da ido ya kasa kuma ina karanta shi a fuskar Radim, tsohon direban kamfaninmu, wanda kin san fuskarsa ba ta iya riƙe sirri ko na minti ɗaya.

Kada ki gaya wa Jitka. Idan na tsallake Lahadi, shi ke nan, babu sauran abin da za a tambaye ni.

Mijinki,
Vendelin

Lhotka, 14 ga Oktoba

Ruzena tawa,

Ina gaisuwa, ina gaida mai jego. Wasiƙarki ta iso. Kin ce kin daɗe da sani, tun ranar da na sha shayi da gishiri ban ce uffan ba. Kin kuma ce in faɗa musu gaskiya. Da ta riga Lahadi zuwa, wataƙila da na ji. Wataƙila.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muna zama Blanka ta fito da kofunan yumɓun mahaifinta, masu murfi, ta rubuta musu lamba da alli. Ta ce, "Yau ba mai leƙen launi, Baba Vendelin, harshe kawai." Na yi dariya tare da kowa. Fuskar Radim kaɗai ta rage mini ke nan.

Kofi na fari Radim ya kurɓa ya ce, "Wannan ai ruwan alewa ne, a kai wa 'yan makaranta." Na gane ta Beljiyam ce, na ce zaƙin ya danne sha'ir. Kofi na biyu ya lashe baki ya ce kamar an ƙona burodi an jiƙa. Na ce ta Ailan ce, ba ta da laifi, amma ba ta shan kullum ba ce. Na uku Kamil mai aski ya shinshina ya ce, "Wa ya matse lemo a sabulun wanka?" Ta masu gemu ce. Na yi musu dogon bayani a kan furen ɗacin da ake sa wa giya da ya yi yawa, suna ta gyaɗa kai. Kamil ya ce, "Tsohon nan ko a kabari aka ɗiga masa zai faɗi sunan mai dafawa." Har na fara jin iska.

Sai kofi na huɗu. Radim ya kurɓa, ya runtse ido, bakinsa ya karkace, ya sunkuyar da kai kamar wanda ya haɗiyi maɗaci. Ban jira kowa ba. Na ajiye kofina da ƙarfi na ce wannan ta yi tsami, ba ta da uwa ba ta da uba, wanda ya dafa ta bai taɓa sanin giya ba.

Ba wanda ya yi dariya. Da Radim ya ɗago na ga ashe hawaye ne. Shekara hamsin muna tare ban taɓa ganin kukansa ba, ina zan san haka fuskarsa ke yi?

Blanka ta ce a hankali, "Tamu ce, Baba. Gangar ƙarshe da ta fito daga kamfani. Na ɓoye ta ne mu shanye tare yau."

Kamil ya yi maza ya ce ai ganga takan juya idan ta daɗe, tunda Baba ya faɗa, haka ne. Sauran suka ce haka ne. Blanka ta tsaya tana dubana, tana jira. Kalma uku ce kawai, Ruzena: ba na ji. Ta zo har bakina. Na dubi teburin nan, na dubi kujerata, na yi shiru.

Blanka da Kamil suka mirgina gangar zuwa bayan mashayar. Muna zaune muna jin ƙararta tana bin kwata, ta daɗe ƙwarai, ban san ganga na da ciki haka ba. Kofi na biyar ta Jamus ce, ita aka zaɓa. Ban tuna abin da na ce a kanta ba.

Radim ya rako ni har ƙofa, abin da bai saba ba. Na sa makulli. Ya ce, "Tun yaushe, ɗan'uwa?" Na ce tun bara. Ya gyaɗa kai, ya gyara hularsa. Ya ce, "Ba za su ji daga bakina ba. Amma ka sani, giyar nan lafiyarta lau. Ban taɓa shan wadda ta kai ta ba, kuma kurɓa ɗaya na samu."

Idan Jitka ta warware, ki dawo. Ki gaida su duka.

Naki har kullum,
Vendelin