Katangar injin shinkafa da dangwalen yatsana

Salamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana. Ni ban yi boko ba, murya na aiko, ka rubuta yadda na faɗa, kada ka gyara mini. Don Allah ku ba ni shawara.

A Kontagora nake, a gidan nan na tsufa. Wani da na sani tun yana yawo ba wando, yanzu wai Alhaji, ya zo ya kafa injin casar shinkafa a jikin katangarmu. Daga hantsi zuwa la'asar ƙasa rawa take, kwanukana har tafiya suke a kan kanta. Malam maigidana kuma yana kwance da shanyewar ɓarin jiki, muryarsa ba ta wuce bakin ƙofa. Wata Laraba ya zamo daga gado yana ta kirana, ina tsakar gida ina tankaɗe, ban ji ba. Sai da suka kashe injin don sallar azahar na jiyo nishinsa.

Ni na bi gida-gida na tara mata, har da maƙwabciyata 'yar Rijau mai zuwa coci, muka dangwala yatsa a takardar koke aka kai wa mai unguwa. Sai mutumin nan ya gina doguwar katanga ninki biyu, ya cusa buhunan ƙaiƙayi a tsakani, amma ta ɓangaren gidan wani babban ma'aikaci kaɗai. A kan idona aka jera bulon. Ɓangaren can ya yi shiru, mu kuwa ƙarar ta daki katanga ta dawo kanmu, ta fi da. Na tare mai injin a bakin get, wai Inna ki yi haƙuri, tsufa ke sa ki jin abin da babu. Na ce masa tsufan bai hana ni ganin inda ya ajiye bulonsa ba, mara kunya.

Jiya sai ga shi har gida, har da durƙuso. Wai zai gina mini irin katangar nan cikin satin nan, daidai ɗakin Malam, amma in je gaban mai unguwa in ce a cire yatsana. Ya san in na zare, sauran watsewa za su yi. Kuma katangar iyakarta gidana, ƙarar kan 'yar Rijau za ta koma, matar da ta taya ni ɗaga Malam ranar nan.

Yanzu igiya na ɗaura a hannun Malam mai lafiyar, ɗaya bakin a ƙuguna, in yana nemana ya ja. Iyakar tsawonta nan ne iyakar inda nake zuwa. Ba na son ganin fuskar mutumin nan, amma ina son in ji kiran mijina.

To ku da kuka yi karatu ku gaya mini, in cire yatsan in karɓi katanga, ko in ci gaba da yawo da igiya?