Ba a Tafiya Ran Talata

Ƙanena Gombo,

Gaisuwa, da fatan dabbobi sun fita hunturu da ƙiba. Tunda an gama gaisuwa, ina Nomin? Talata uku ina zaune a asibiti ina jiran 'yarka. Kwalbar rigakafin ƙyanda ta yara goma ce, in an buɗe sai a zubar da saura kafin yamma, shi ya sa ofishin lardi ya tsayar da rana guda, Talata. Makon jiya yara biyu kacal aka kawo, na zubar da na takwas raina na ƙuna. Ƙyanda ta shiga kwarin da ke bayanku, har jaririn Purev, wani makiyayin can, ya rasu. Ka ɗora yarinya a babur ka kawo ta.

Yayarka, Dulma

Yaya Dulma,

Muna gaisuwa, ga busasshen cuku daga Sarnai matata. Yaya, a tanti ɗaya aka haife mu, kin san a al'adarmu ba a kama hanya ran Talata. Mahaifin Sarnai ran Talata ya fita neman dawakai, sai da ƙanƙara ta narke aka tsince shi. Da wane baki zan ce ta ba ni 'yarta? Wanda ya tsayar da ranar nan bai taɓa tatsar akuya ba.

Ƙanenki, Gombo

Gombo,

Na gode da cuku. Ƙyanda ba ta duba kalanda. Shekara goma sha ɗaya ina fama da masu kunnen ƙashi, ashe shugabansu a gidanmu yake. Na gaji, ka bar ni da abin da zan yi.

Dulma

Yaya,

Yau Litinin, ga mu a ƙofar gidanki da Nomin. Mun ce mu kwana nan, Talata ta same mu a zaune. Maƙwabciyarki ta ce tun safe kika tafi wajenmu da allura. Direban motar madara zai ba ki wannan, gobe zai juyo.

Gombo

Gombo,

Na tarar da tanti ba kowa sai kare. Kada ku motsa ko taku ɗaya, kada Nomin ta shiga cikin yara, makulli yana ƙarƙashin tulin itace. Kwalbar tana cikin akwatinta na sanyi, ban buɗe ta ba. Direba ya ce in biyo shi yau Talata, na ce ya gaishe ku. Zan taso Laraba, kuma kada ka tambaye ni dalili.

Yayarka, Dulma