Gashin Malikkaat

Alhamis, 4 ga Yuli
Likita ya ce a kai Anaana, wato mahaifiyata, gidan kula da tsofaffi a Ottawa, can kudu, tunda idanun sun daina gani, ƙafafun kuma sun kumbura. Ta ce za ta je, amma sai gashin malikkaat ya warware, wato ɗan tsiron tudun nan mai nuna shigowar lokacin kaka. Ƙanena Ipeelie ya yi dariya: "Anaana, jirgi ba ya duba ciyawa." Ta ce, "Kai ma ba ka duba komai, shi ya sa kifinka ke ruɓewa a shanya." Ni ke mata wanka, ni ke ɗaga ta, ni ke tashi in ta kira. Na gaji. Ina jin kunyar rubutawa, amma so nake ta tafi.

Talata, 9 ga Yuli
Na kai ta tudun bayan gari. Furen malikkaat ya rufe tsakuwa, fari fat, bai kai tsawon yatsana ba. "Panik, 'yata, ina ya kalla?" Na ce wajen teku. Muka sha shayi, muka ci busasshen kifi, ta sake tambaya. Ya juya wajen duwatsu. Duk tudun ya juya, dubban fuskoki suna bin rana, ba ko ƙara. Tun ina yarinya nake taka abin nan ban taɓa lura ba.

Asabar, 27 ga Yuli
Furen ya zube. Gashin ya fito, a murɗe tam kamar zaren ɗinki.

Talata, 6 ga Agusta
Sun kira daga Ottawa, wai akwai gado, kuma ba za su riƙe shi har abada ba. Na riga ta hawa tudun, na sa farce na warware gashin na wurin da take zama. Da na kawo ta, ta shafa ɗaya, ta shinshina yatsunta. "Ikon Allah. Kakar bana ƙamshin sabulun wanke-wanke take." Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce da shi uwarta ke sanin lokacin farautar tuktu, barewar ƙasarmu, sa'ad da fatarsu ta yi kyan ɗinki; ba ya ƙarya, ba ya gaggawa. Ta cusa hannuna ƙarƙashin ganyen. Ashe itace ne, mai tauri, kwance yake rarrafe a ƙasa. "Ya girme ni. Duk sanyin nan yana nan ƙarƙashin ƙanƙara, ba wanda ya kai shi kudu."

Alhamis, 15 ga Agusta
Na yi ta tuna tsofaffin layinmu da aka kai Ottawa. Ban tuna wanda ya dawo da ƙafarsa ba.

Alhamis, 22 ga Agusta
Raɓa ta daskare. Na hau ni kaɗai da safe. Gashin ya warware, duk tudun, furfura ko'ina tana sheƙi, iska na kwasa. Ban san yadda aka yi na durƙusa a wurin zamanta ba. Na jiƙa yatsu da yawu, na sake murɗe gashin ɗaya bayan ɗaya.

Da hantsi na kawo ta. Ta shafa, ta daɗe tana shafawa. Iska ta ɗora mata wani silin gashi a kumatu; ta cire, ta murza shi tsakanin yatsu, ta sake shi.

"Bana kaka ta makara, panik."

Na ce, "Haka na gani."

Ban kira Ottawa ba. Waya ce, tana nan, ba gudu za ta yi ba.