Inda Munka Ajiye Ka, Isuhu

Zuwa ga taubashina Isuhu, Dogo na Zali,

Assalamu alaikum. Ba zan tambaye ka lafiya ba, na san inda kake. Na kuma san ba za ka karanta wagga takarda ba. Ko da kana da rai ma ai ba karatu kake ba, sai ka miƙo mini ka ce idonka na ciwo. Amma akwai maganar da ta kamata ka ji daga bakina, kuma duk wanda na fara ba shi labarin sai ya katse ni da ban haƙuri tun ban kai tsakiya ba. Kai ne kawai ba ka da halin katse ni yanzu.

Maganar ita ce, ba gida kake ba. Kana birnin Tawa. Ba mu kai ka kusa da kabarin Innarka ba kamar yadda ka roƙe ni.

Ka tuna a asibiti, da ciwon ya ci ƙarfinka, ka riƙe mini hannun riga. Ka ce ka ƙare ƙuruciyarka wajen biɗa a Abijan, kana kwana cikin mutanen da ba su san sunan ubanka ba, don haka ba ka son kwanan ƙarshe cikin baƙi. Ka ce in ta faru in saka ka a Ta-Barmu, tsohuwar motarka ta kaya, in kai ka garinmu bayan Afala. Ni kuma da bakina na ce ko a kai ne zan ɗauke ka, tunda dama duk rayuwata kayanka nake ɗauka. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. To, ga yadda abin ya kasance.

Da hantsi ka cika. Anka yi maka wanka nan asibiti, anka sa maka likkafani, munka aro makara a masallacin unguwa. Na buga waya gida na ce a fara gina. Yayanka Shaibu ya hau baya tare da kai, matarka Zali na gaba kusa da ni, ni ke tuƙi.

Ka san tsawonka. Tun muna yara nake ce maka Allah ya manta bai tsaida ka ba. Makarar ba ta shiga bayan mota duka ba, sai da munka sauke ƙyauren baya munka ɗaure ta da igiya. Wanga ba sabon abu ba ne, haka kai ma kake yi. Gawa nawa ka kai ƙauyukan Adar a wagga mota, ƙyaure a sauke, ba ka taɓa karɓar ko na mai ba? In ka iso bariyar sai 'yan sanda su ɗaga maka hannu, wani ma ya cire hula. Abin da ni da kai ba mu taɓa kawowa a rai ba shi ne lambar motar a jikin ƙyauren take, tun shekarar da ƙarfen baya ya ɓalle maka a ƙoramar hanyar Takanamat ka buga ta can da ƙusa. In an sauke ƙyaure, lamba ƙasa take kallo.

Kana kwance ba ka san abin da gari ke ciki ba. A 'yan kwanakin nan an sa 'yan sanda kamen motoci da babura kan takardu, ba sani ba sabo. A bakin gari, inda hanyar gida ta rabu da kwalta, munka iske sun ja igiya. Wani yaro cikin kaki, sa'an ɗanka Sani, ya tsaida mu. Ya zagaya baya, ya ga abin da ke ciki, ya dawo fuskarshi ta sake. Na ɗauka zai ce mu wuce. Sai ya waiwaya wajen babbansu da ke zaune kan benci ƙarƙashin ice, ya ce mini ba a ganin lamba.

Na ce gaskiya ne, ga dalili. Na ce bari in kwance ta in ɗaure a jikin ƙarfen sama kowa ya gani. Babban ya taso a hankali, ya ce lambar da anka ɗaure da waya wani laifi ne daban. Ya ce a rufe ƙyaure. Isuhu, ta yaya za a rufe? Makarar ƙarfe ce. In kuwa munka fid da kai daga ciki, sai mun lanƙwasa maka ƙafafu kamar buhun albasa. Shaibu ya ce ba a yi ma ɗan Musulmi haka, kuma ba a gabanshi ba.

Daga nan ya nemi takardu. Na ciro su inda kake ajiye su, cikin ledar nan bayan kujera. Komai na nan sai binyet, harajin shekarar bana, wanda lokacin sayenshi ya zo kana kan gadon asibiti. Ya ce laifi biyu ke nan, kuma umurnin da anka ba su daga sama shi ne motar da ke da laifi biyu furiyar za ta, filin da suke tara abin da sunka kama. Sannan ya duba sunan da ke takarda ya tambayi ina mai motar. Shaibu ya nuna mashi kai. Wallahi da kana iya ji da ka yi dariya. Mutumin ya ce Allah ya jiƙan ka, ya faɗa da ladabi kuwa, kuma bai daina rubutu ba. Ya ce shi bai hana gawa wucewa ba, mota ya hana.

Ka san bakina. Na faɗa mashi abin da ya zo mini. Na tambaye shi ko lamba ce ta taɓa kashe mutum a hanyar Afala, ko kuwa ramukan da ba wanda ya zo cikewa. Na tambaye shi wa ke ɓoyewa a motar da duk Adar an san ƙararta tun ba a hango ta ba. Na faɗi wasu maganganun da ba zan sa a takarda ba. Ya bar ni na gama, ya ce in na ƙara ɗaya zan bi motar. Shaibu ya ja ni gefe. Wani mai sayar da ruwa ya raɗa mini in ba da na goro, na gwada, yaron ya janye hannu kamar na miƙa mashi garwashi, idonshi na kan babban.

Haka munka sauke ka a gindin wata aduwa, inuwar da ko akuya ba ta isa ba. Yaron nan shi ya kama ƙafa ɗaya ta makarar, ba wanda ya sa shi. Daga baya ya kawo ma Zali ruwa. Har yau na rasa inda zan ajiye shi a raina. Muna tsaye wani cikinsu ya shiga Ta-Barmu, ya rufe ƙyauren, ya yi ta fama da ita ta ƙi tashi, don bai san sai an taka totur sau biyu an jira ba. Ni na tada musu ita. Kada ka tambaye ni dalili. Ban iya jin yana gurza ta haka ba.

Sai neman wata mota. Na kira duk direban da ka sani a tasha. Ba ranar kasuwa ba ce, kuma saboda kamen kowa ya ɓoye tashi a gida. Wanda ke da cikakkun takardu ya tafi Barmu da kaya. Motar gawa ta gari ta fita wani wuri. Adaidaita ba ta ɗaukar tsawonka. Na yi maganar amalanken jaki, Shaibu ya ce a wanga zafi ba za mu isa ba sai gari ya waye, kuma shi da ni mun san abin da bazara ke yi ma jiki. Can gida kuma waya ba ta huta ba. An gama gina, liman ya fito, mutanen ƙauyukan da ke kewaye sun taru, ana tambaya mun kai ina.

Azahar ta wuce muna nan. Zali na zaune ƙasa wajen kanka tana korar ƙuda da bakin mayafi. Shaibu ne babba, maganarshi ce ya kamata a bi, amma ya san abin da ke tsakanina da kai, sai ya tsaya yana kallona. Ni na ce mu koma gari. Ina son ka san wanga, kada ka riƙe kowa. Ba Shaibu ba ne, ba Zali ba ce. Na dube ka kwance cikin rana a bakin hanya, mutane na wucewa suna leƙe, na ga alkawarin da na yi maka ya fara zama wulaƙanci gare ka.

A kafaɗa munka ɗauke ka. Mu biyu ne maza, sai mai ruwan nan ya bar kayanshi ya kama, wani mai faci ya kama. Ba mu yi nisa ba 'yan kabu-kabu sunka fara jingine babura suna shigowa, wannan ya karɓa ya taka kaɗan wancan ya karɓe shi, yadda anka saba. Kafin mu isa maƙabarta sahu ya yi tsawo. Anka yi maka salla bayan la'asar. Yawancinsu ba su san ka ba, amma an samu wani tsoho da ya ce kai ka kai matarshi gida shekarun baya, ya shiga ramin da kanshi ya karɓe ka. Jama'a ka samu, ban rage maka ba. Sai dai ba su ne ka roƙa ba.

Can gida sai da sunka maida ƙasa cikin kabarin da sunka gina, ba kowa ciki. Waɗanda sunka yi aikin sun ce ba su taɓa yin abin da ya yi musu nauyi haka ba. Uwata, gwaggonka da ta goye ka bayan rasuwar Innarka, tun safe take zaune a zaure tana jiran a shigo da kai ta dafa ka ta yi maka addu'a. Ka san idonta ya tafi. An faɗa mata, ta ce to.

Motar ta daɗe a furiyar. Na yi ta hawa da sauka daga wannan ofis zuwa wancan, kowa na cewa ba wajenshi ba ne, har da takardar shaidar kai ne ka mutu sai da na kai. Ranar da na fito da ita rana ta cinye tayoyin, an kwance madubi ɗaya. Na sayi binyet, na kai wajen mai walda ya maida lambar inda suke so. Na kama hanyar gida, takardu cif a aljihu, ina ta shirya abin da zan faɗa ma mutumin nan in na miƙa mashi su. Da na iso wurin ba kowa. An ɗage kamen. Sai duwatsun da sunka ɗaura igiya da aduwar. Yanzu motoci na wucewa nan da lamba da babu lamba, ba mai ɗaga kai. To, me anka gyara? Wa ya tsira don an hana ka isa gida?

Da na shiga garinmu, uwata ta ji ƙarar tun daga rijiya. Kafin in kashe mota ta fito da sanda. Ta bi jikin motar da hannu har baya, ta sa na sauke mata ƙyauren, ta shafa cikin daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan ta yi addu'arta a nan, ta koma ciki.

Sauran labarin gida kaɗan ne. Ruwa ya sauka, mun shuka gonarka ta tudu tare da tawa, hatsi ya tsiro da kyau. Zali na takaba ɗakinta, tana cin abinci yanzu. Sani bai samu zuwa daga Abijan ba, ya ce sai bayan kaka. Ni ke fita da Ta-Barmu ranakun kasuwa kafin ya zo a yi rabon gado. Har yanzu tana ja hagu, kuma har yanzu na ce laifin tuƙinka ne.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba, don tsakanina da kai ba a magana sai da zagi. Duk tsiyar da na yi maka, ban da aboki kamarka, kuma ba na sa ran wani. Ina kewarka ƙwarai. In na shigo Tawa nakan biya in tsaya kanka. Na dasa maka reshen aguwa wajen kai don kada ka ɓace mini, layin naku ya cika har an fara wani.

Na tara ɗiyana na faɗa musu, Shaibu na shaida. In tawa ta zo, kada su gina mini a gida. Su kawo ni Tawa, ko a ina ta same ni. Sun ce ai ba a ajiye ma mutum wuri a maƙabartar birni, na ce na sani, ko a ƙarshen fili ne ya yi. Ban iya kai ka wajen naka ba, to ɗaya daga cikin naka zai zo wajenka. Ka ƙara haƙuri da baƙin kafin nan.

Allah ya jiƙan ka, ya yalwata maka inda kake, ya yafe mana baki ɗaya. Sai na zo.

Ni ne taubashinka,
Alkasum