Fasasshiyar Randarki, Dada

Zuwa ga mahaifiyata, Dada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Shekara huɗu ke nan da muka kai ki makwancinki, ban taɓa zama na rubuta miki ko layi ɗaya ba. Na san da kina nan za ki dube ni ta gefen ido ki ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Gaskiyarki. Kuma maganar zomon ce ma ta kawo ni.

Na yi wa takwararki laifi, Dada. Ummi nake nufi, wadda kika bari tana shekara uku tana bin ki da buta. Yanzu shekararta bakwai, ta yi wayo, har wushiryarki ta ɗauko. A nan shafina na intanet nake rubuta miki, inda mutane za su karanta, domin a nan na fara yin burgar da ta jawo abin.

Da bikin Kirsimeti mahaifiyarta ta kai ta Damare gaida malamar ajinsu, Malama Rifkatu, mutuniyar Ganye mai kiwon zomaye a bayan gida. Tun daga ranar ba mu sake hutawa ba. Zomo da safe, zomo da yamma, zomo a bakin tuwo. Na ce in ta yi ƙoƙari a jarrabawa za a saya. Ta yi ƙoƙarin, ni kuma na haye gada na je na ɗauko mata shi a kwali: fari tas, kunne ɗaya baƙi. Ta sa masa suna Kosam, wato nono da Fillanci, wai don ya yi fari kamar nonon da kike dama mana fura da shi.

Da zan tafi, Malama Rifkatu ta biyo ni har bakin mota. Ta ce, "Baban Ummi, wannan abu ba ya son rana fa. Ka nema masa wurin sanyi. In ya mutu, yarinya zai yi kuka." Na ce mata kada ta damu, na san zomo tun ina yaro.

Kuma na san shi ɗin, ke shaida ce. A gidanmu na Bako, ƙarƙashin mangwaro, kin kwantar da fasassun randuna uku a gicciye, kin binne rabinsu a yashi, kin kewaye da kara. Kullum da hantsi sai ki yayyafa wa yashin ruwa. Zomayenki su shige ciki su miƙe ƙafa, rana ta gama haukanta a waje. Kina cewa, "Mai rigar da ba ya iya tuɓewa, inuwa ake ba shi."

Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne kunyar randunan nan nake ji. In abokaina na sakandare suka zo, ta ƙofar baya nake zagayawa da su don kada su gani. Wani ya taɓa kirana ɗan mai zomaye a cikin aji, aka yi dariya, na riƙe abin a zuciya shekara da shekaru. Na ce in na yi gidana ba za a ga tarkace a ciki ba.

To ga gidan na yi a Yolde Kohi, har da siminti a tsakar gida. Ranar da na kawo Kosam, matata Asma'u ta tuna mini cewa randarki ta ruwa tana nan bayan kicin, ta tsage tun da muka sayi firij muka jingine ta. Ta ce a binne masa ita gindin mangwaron baya, yadda kike yi. Na yi dariya na ce mun wuce wannan zamanin.

Jimeta na tafi wurin mai walda. Na zana masa abin da nake so da hannuna: keji na ƙarfe, hawa biyu, rufin kwano, ƙofa mai sakata. Aka shafe shi da shuɗin fenti. Da aka kawo, ban kai shi bayan gida inda inuwa take ba, don can ba mai gani. Jikin katanga na ajiye shi, daidai inda duk wanda ya shigo zai fara cin karo da shi. Na ɗauki hoto na sa a wannan shafin. Wasu daga cikin masu karanta wasiƙar nan sun yaba, har da mai cewa zomon ya fi shi gida. Na ji daɗi, Dada, kaina ya yi girma.

Kin san bazarar Yola, ba sai na ba ki labari ba. Sati biyu Kosam ya yi yana haki, ni ina cewa sabon wuri ne, zai saba. Wata Laraba na dawo daga ofis da azahar, Asma'u tana wurin aiki, Ummi tana makaranta. Na same shi kwance a hawa na ƙasa, ya miƙe, baki a buɗe. Na dafa rufin kejin, sai da na janye hannu. Ruwan da ke kwanonsa kuwa ya isa a haɗa shayi.

Na ɗauke shi na binne a bayan gida, kusa da randar taki. Har nan, da na tsaya, da kuskure ne kawai irin na ɗan Adam. Amma sai na dawo na zare sakatar kejin, na bar ƙofar a wangale.

Da Ummi ta dawo ta ga keji wayam, ta juyo tana dubana. Ban ce mata ya gudu ba. Wallahi ban ce ba, kuma da wannan na riƙa lallashin kaina. Tambaya kawai na yi. Na ce wa ya ba shi abinci da safe? Ta ce ita ce. Na ce, "Kin tabbata kin rufe ƙofar?" Ta buɗe baki za ta ce e, sai ta dubi ƙofar, ta dube ni. A gabana ta zaɓi ta yarda da ni ta ƙaryata kanta.

Kwana tara, Dada. Kullum da yamma sai ta tsinko ganyen dankali ta ajiye a bakin ƙofar gida, ta tsuguna tana kiran Kosam a hankali don kada maƙwabta su ji. Ta leƙa kwalbati, ta leƙa kangon da ke bayanmu. Sai kuma ta tsiro da wata ɗabi'a: in ta rufe ƙofar ɗaki sai ta dawo ta taɓa, ta tafi, ta sake dawowa ta taɓa. Murfin buta, zif ɗin jakar makaranta, duk sai ta duba sau biyu. Ina zaune ina kallo, ina shan ruwan firij. Asma'u ta tambaye ni sau ɗaya ko na duba unguwa sosai, na ce na duba.

A rana ta tara Malama Rifkatu ta tare ni a ƙofar makaranta. Ta ce ta ga yarinyar ta rame, ta yi mata tayin wani zomon kyauta, amma ta ƙi. Wai cewa ta yi, "Anti, kada ki ba ni. Ni ban iya riƙon amana ba."

Yarinya mai shekara bakwai, mai sunanki. Ke da mutanen unguwa ke kawo wa ajiya ba tare da shaida ba. Na shiga mota na kasa tayar da ita. Na tuna ranar da na fasa miki ƙwaryar nono na ce akuya ce, ba ki doke ni ba, kika ce, "Akuya ba ta da bakin musu, shi ya sa ka zaɓe ta." Shekara talatin da wani abu, ashe ban canza ba. Na dai sami wadda ta fi akuya rashin bakin musu.

Da la'asar na kama hannun Ummi muka zagaya bayan gida. Na nuna mata wurin. Na gaya mata komai: rana ce ta kashe shi, ni na ajiye shi a ranar, ni na binne shi, ni na buɗe ƙofar. Na yi zaton za ta yi kuka ko ta tambayi dalili. Ta daɗe tana kallon ƙasar, sannan ta ce, "Baba, ashe na rufe?" Na ce kin rufe. Ta ce, "Na rufe." Ta sake faɗa a hankali, ita da kanta. Daga nan ta zare hannunta daga nawa, ta tafi bakin ƙofa ta kwashe busasshen ganyenta.

Ta daina komawa taɓa ƙofofi, alhamdu lillahi. Amma akwai abin da na rasa. Da, duk abin da na faɗa ya zauna, ko da na ce mata kogin Binuwai a randa aka fara tara shi. Yanzu in na gaya mata abu, sai in ji ta a kicin tana cewa, "Mama, da gaske ne?" Ba ta yi mini rashin kunya, tana gaishe ni, tana kawo mini ruwa. Asma'u ma da ta ji ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kejin na mayar wa mai walda ya yi abin da ya ga dama da ƙarfen. Randarki kuma na kwantar da ita gindin mangwaro, na binne rabinta a yashi, na kewaye da kara. Hannuna bai iya ba kamar naki, karan ya karkace. Kullum kafin na fita sai na yayyafa ruwa, ko da yake babu kowa a ciki, don Ummi ba ta ce tana son wani ba tukuna, ni kuma ba ni da fuskar tambaya.

Jiya da rana tsaka na ce wa Ummi cikin randar Dada akwai sanyi. Wannan karon ba ta je wurin mahaifiyarta ba. Ta tsuguna ta zura hannu har kafaɗa, ta daɗe a haka. Da ta fito da shi sai ta gyaɗa kai. Hannunta ta gaskata, Dada, ba ni ba. Na karɓa, don abin da na saya ke nan.

Ki yafe mini kunyar randunanki da na ji, da abin da na yi wa mai sunanki. Allah Ya jiƙan ki, Ya sanyaya miki kabari kamar yadda kika sanyaya wa bayinSa marasa baki. Ya raya Ummi da halinki, ba nawa ba. Ni kuma Ya ba ni tsawon ran da zan ga ranar da zan faɗa mata magana ta ce to, ba ta waiwayi kowa ba. Amin.

Ɗanki na fari, wanda kunya ba ta taɓa barin ki kira sunansa ba.