Kujerar Saruul

Asabar, 4 ga Nuwamba

Yau ma ban shiga ajin koya wa iyaye maganar hannu ba. Karo na biyu ke nan. Na raka 'yata Saruul har ƙofar cibiyar yara kurame, na juya kasuwa na kama amalankena. Tana kallona ta taga, na yi kamar ina gyara hula.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Malama Delgermaa ta tare ni a bakin ƙofa. "Baban Saruul, ba ni na kafa dokar ba. Wanda ya rasa aji sau uku, a ba wani yaro kujerar 'yarsa. Yara goma sha ɗaya ke jira." Na ce su baƙin da ƙungiyarsu ke ɗaukar nauyin cibiyar, a can ƙasarsu an taɓa tura amalanke ran Asabar? Ta ce ba ta sani ba, abin da ta sani yarinya ba za ta koyi maganar hannu a nan ta koma gida ta tarar da bango ba.

Ni ne bangon.

Tsakani da Allah ba su cuce ni ba. Suna ciyar da ita, sun ba ta takalmin sanyi. Shekararta tara ba ta taɓa zama a aji ba, in ba nan ba wa zai shirya ta shiga makaranta? Don kujerar nan na baro karkararmu ta Zavkhan na kafa tanti a gangaren birnin Ulaanbaatar ina shaƙar hayaƙin kwal.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Gombo abokin turina ya ce, "Lhagva, ƙanena, bar ɗora wa kasuwa laifi. Zan riƙe maka layi ran Asabar. Ko tsoron allo kake da furfurarka?" Na zage shi. Ya yi dariya.

Ba kasuwa ba ce. A littafin nan dai zan iya rubutawa. Hannuna ne. Sanyin da ya kashe min tumaki ya tafi da yatsuna biyu na hannun dama, manuniya da na tsakiya. Wa ke magana da dungu?

Asabar, 11 ga Nuwamba

Na shiga. Mata tara, ni kaɗai namiji. Aka ce kowa ya cire safar hannu. Matar da ke gefena ta kalli hannuna sau ɗaya, ta mai da ido kan silin har aka tashi. Gara a ce dariya ta yi. Rabin abin da aka koya da yatsun nan biyu ake yi.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Ban je ba. Uku.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Saruul ta dawo da takarda a aljihu, ta miƙo min tana murna, ta ɗauka yabo ne. Ƙarshen wata za a ba wani kujerar.

Na so in gaya mata, ba ni da abin gaya mata da shi. Abin da ke tsakanina da ita tun rasuwar uwarta bai wuce zo, ci, kwanta, bari ba. Da haka ake kiwon awaki.

Talata, 21 ga Nuwamba

Na je na roƙi Malama, ni da ban taɓa roƙon ko yayana ba. Ta ce ran Asabar za ta zaunar da mu, Saruul ta faɗa min abu ɗaya, duk abin da ta ga dama. In na gane, za ta rubuta wa ƙungiya cewa uban yana koyo. In ban gane ba, ba za ta yi ƙarya ba. "Wancan yaron ma da ubansa."

Gaskiyarta. Amma da ƙyar na ce na gode.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Kwana biyu ban yi turin yamma ba. Saruul ta zaunar da ni kan gado ta zama malama, har da ɗaure fuska. Da ta ga ba na iya bin ta, sai ta lanƙwashe yatsunta biyu ta sake yi. Duk da haka ina mantawa. Ruwa, wuta, yawa, kaɗan. Ta buga min gwiwa, ta yi kuka. Kaina ya tsufa. Kwana biyu suka rage.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Saruul ta yi maganar da hannu sau ɗaya, ban kama komai ba. Gumi a wannan sanyin. Malama ta ce ta sake, a hankali. Na ga alamar shayi. Na ga ta nuna ni. Na ga yawa. Ɗayar ban san ta ba, sai ta murza yatsu a kan kofi ta yamutsa fuska.

Na ce, "Wai gishiri ya yi yawa a shayina?"

Malama ta sunkuyar da kai tana rubutu, kafaɗunta na rawa.

Shekara uku ina dafa mata shayin nan namu na madara da gishiri, tana shanyewa tas.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Kujerar tana nan zuwa bayan sabuwar shekara, in ban ƙara fashi ba. Har yanzu ina ganin dokar ta yi tsauri, kuma ina tuna yaron da ke jira.

Na rage gishirin. Wai yanzu ya yi kaɗan. Mun yi gardama har shayin ya huce, kuma ina jin ni na yi nasara. Ban tabbata ba, tana da sauri. Zan tambayi Malama ran Asabar.